Igiyar Ramin Kuza

An tashi sujada, ruwa ya hana mu tafiya.
Muka rakuɓe a barandar majami'armu ta Gyel,
kwano na ta kuka a bisa kanmu.
Dattijo Mafeng ya ɗaga lemarsa kamar sandar kiwo, ya ce:
"Tun ba a dasa duwatsun Shere ba aka rubuta sunayen.
Gawa ba ta zaɓen likita.
Wanda aka kira zai iso, ko da baya da baya yake tafiya."

Malama Kaneng, mai ajin masu neman baftisma,
ta gyara ɗaurin ɗankwali.
"Baba, a gafarce ni. In haka ne, don me nake kashe Asabar ɗina?
Daga waje ake ƙwanƙwasawa, amma sakata tana ciki.
Wane alƙali ne zai ɗaure mutum
don bai ci tuwon da aka hana shi ba?"

Sai suka juyo kaina, don ni ne kusa:
"Dachollom, kai fa, me ka gani?"
Na cusa hannuwana cikin aljihu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da ramin kuza ya rufta da mu a bayan Bukuru,
ni da Izang, gaba tara ƙarƙashin ƙasa.
Fitilar goshi ta mutu, taɓo ya kai ƙirji.
Ban kira kowa ba, bakina cike da yashi.
Igiya ce ta sauko cikin duhu
ta mare ni a kunne, ba sallama.

Na kama. Wannan kam na sani.
Fatar tafina ta bi igiyar,
har yau in sanyin Disamba ya sauko tabon na ƙaiƙayi.
Amma waɗanda suka ja ni sun ce a sume na fito,
hannuwana na lilo kamar na ɗan tsana,
igiyar ta zagaye hammatata sau biyu
da wani ƙulli da ban taɓa koyon ɗaurawa ba.
To, wa ya kama wa?

Izang kuwa kamu ɗaya ne tsakaninmu.
Ya fi ni ƙarfi, ya fi ni addu'a,
shi ke riƙe ganga ran bikin girbi.
Sau uku aka sake jefa igiyar,
sau uku ta hau ba nauyi.

Dattijo, in ce ba a rubuta shi ba?
Uwarsa na kasa dankali a kasuwar Kugiya,
je ka faɗa mata, zan riƙe maka lemar.
Malama, in ce ya ƙi miƙa hannu?
Na ji numfashinsa a wuyana.

Na sani, ceton rai daban, ceton rami daban.
Wataƙila shi aka ja sama a ranar,
ni aka bari a ƙasa.
Amma ni mahaƙi ne, karatuna bai yi nisa ba,
duk ayar da kuka jefo mini
sai ta zama igiya kafin ta iso.

Ban faɗi ko ɗaya cikin wannan ba.
Na ce, "Ga shi ruwa ya tsagaita."
Dattijo ya buɗe lema, Malama ta shiga ƙarƙashinta,
suka gangara titi kafaɗa da kafaɗa,
muryarsa na cewa alheri, tata na cewa amsawa,
har keke mai ƙafa uku ya watsa musu ruwan kwata.

Gobe Litinin.
Tun asuba zan kasance a bakin rami,
don yanzu ba na shiga, gadi nake yi.
Yara bakwai za su sauka, na san sunan kowa da na uwarsa.
Ba a nuna mini waccan takarda ba.
Igiya aka ba ni,
kullum sai na bi ta da yatsa daga kai har gindi
ina neman inda ta fara sili.