Mutum Goma

Ya zo rumfata ran Laraba, Garwa na dahuwa,
ko ƙadangare ya ƙi hawa katanga.
Nisim, likitan shanu, Bayahuden layinmu na Yelwa.
Ya ajiye waya, gilashinta ya dare
kamar fadama a tsakiyar bazara.
Ya ce, "Tanimu, gyara ta kafin gobe da almuru,
mutum tara ne a ciki."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Shekara huɗu katangarmu ɗaya.
Na san ba ya cin tarwaɗa, wai ba ta da ɓawo,
sai karfasa, ita ma sai ya juya ta ya duba.
Na san ran Juma'a, in rana ta kusa faɗawa Binuwai,
yakan kunna kyandir biyu ko da akwai wutar Lagdo,
ya kashe waya, ya rataye makullin babur,
sai Asabar ta fita, taurari uku sun leƙo.
Ranar da saniyar Arɗo Bakari ta kasa haihuwa
a ƙafa ya bi su har bakin gada,
ya dawo tafinsa duk bororo.

Wannan ne ban sani ba:
gobe babansa Makluf ke cika shekara a ƙasa,
kuma akwai addu'ar da ba a buɗe mata baki
sai maza goma sun tsaya.
"Na lalube garin nan," in ji shi,
"ko na biyu ban samu ba."

Na ce ga ni, ga yarona Ɗanlami, ga mai tsire,
goma ai ba wuya.
Ya dafa kafaɗata, ya girgiza kai.
Ban ji haushi ba.
Mu ma ba da baƙo muke cika sahu ba.

Malamansu, ya ce, sun rabu biyu.
Wani ya ce goma sai rufi ɗaya ya rufe su,
numfashin wannan na taɓa kunnen wancan.
Wani ya ce wanda ya leƙo ta taga,
aka ga fuskarsa, ai ana lissafa shi,
to mece ce waya in ba taga ba?
"Da babana na nan, da ya ce wasan yara ne.
Amma shi bai taɓa kwana a Garwa ba."

Ina narka dalma, kakana ya faɗo min,
ladan ne, ya mutu bai yarda da lasifika ba,
wai ƙarfe ba shi da alwala.
Yau jikansa ke kira da ita.
Kalmomin dai ba wanda ya taɓa su.

An ce zumunta a ƙafa take.
To wanda ƙafarsa ba za ta kai ba fa?

Alhamis da almuru aka ɗauke wuta.
Na zo da batirin rumfa, muka hau soro,
can ne sabis ke ɗan kamawa.
Ya sa 'yar hular da ba ta fi faifan yara ba,
ni na ɗaga waya sama.
Fuska tara, kowace da ɗakinta,
wani da rigar sanyi, wani jariri na kuka bayansa.

Ya soma. Harshen ya yi kama da na allo,
kamar ɗan'uwan da ya girma a wani gari.
Ana tsaka, fuska ɗaya ta daskare,
wani tsoho, baki a buɗe.
Nisim ya yi shiru.
Jemagu na wucewa. Sauro ya samu ƙafata.
Takwas ne yanzu, ko tara?
Ban san wanda zan tambaya ba.

Sai tsohon ya ƙifta ido.

Kalma ɗaya na gane a duk daren: amin.
Ita ma ba tare ta zo ba,
ɗaya bayan ɗaya, kamar shanu na shiga garke,
ta ƙarshen ta makara ƙwarai.

Ko an karɓa, ba aikina ba ne sani.
Ni dai hannuna ya yi tsami,
ban sauke shi ba sai da ya ce in sauke.
Da safe ya zo biyan kuɗin gyara,
muka yi ciniki kamar kullum,
ya rage min sefa ɗari biyu.