Ciwon da Ba Ya Zuwa Gareji

Buhu ashirin da biyu na albasar Aliero
a bayan a-kori-kura mai shan gas,
inji na gurnani ƙasa-ƙasa kamar bajimin da ya ƙoshi.
Da yatsa biyu nake juya ta.
Shekara tara ke nan da yatsa biyu,
ɗaya hannun yana kai goro baki.

Mun bar Jega, rana ta take tsaka,
kwalta na zufa,
sai ga kwanar nan ta gab da Maiyama.
Na murza. Ta ƙi.
Ba ƙara, ba hayaƙi, ba wata fitila da ta kama,
sitiyari kawai ya koma turmin da aka binne rabinsa a ƙasa.
Na saki goro, na sa hannu biyu, na sa kafaɗa,
na sa salatin da ban san bakina na da saurinsa ba.
Wata mai nono ta ja da baya da ƙwaryarta,
tayar gaba ta lashi bakin rami ta dawo.
Kafin in gama sauke numfashi
ya saki, ya yi laushi,
kamar ba shi ba.

Kwaire, yaron motata, ya waiwayo:
“Maigida, gyangyaɗi ka yi?”

A Koko na kai ta wurin Nomau.
Ya ɗaga bonet, ya tsoma tsinke a man sitiyari, ya sansana,
ya danna bel da babban yatsa,
ya shiga ya zagaye tasha sau uku
yana juya ta da tafin hannu, yana gaida mutane.
Ya sauko ya ce, “Arzika, mi as same ta?
Lahiya lau take. Ko kai za a duba?”
Har mai faci sai da ya dara.

Na sayi bel duk da haka.
Mako biyu shiru, sannan ta sake, a kan gada.
Na canza famfo, ɗan Kwatano,
kuɗin takin bana suka bi shi.
Kwana tara, a kasuwar Yauri,
tsakanin rumfar busasshen kifi da amalanken rake,
ta kafe mini a idon jama'a.

Abin da ya mutu murus ba ya hana barci:
ka ja shi, ka biya, ka huta.
Mai zuwa ya koma shi ne mugu.
Shi ke sa ka sha kowace kwana sau biyu,
ta farko a zuci, tun kana nesa da ita.

Kwaire ne ya gano, ba Nomau ba, ba ni ba.
Ran nan da ta yi, bai bari inji ya huce ba,
ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe murfi:
mai ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu.
Ya bi tiyo da yatsa yana yarfe zafi,
can ƙarƙashin maɗauri ya tsaya.
Tsaga ce da ba ta kai tsawon farce ba.
In ta yi sanyi sai ta kame baki,
in ta ji wuta sai ta buɗe ta zuƙi iska.
Shi ya sa a gaban bakanike ba ta taɓa tari ba.

Guntun tiyo, kuɗinsa bai kai na rabin buhu ba.

Yanzu ta koma yadda na san ta,
ni ne ban koma ba.
Hannu biyu nake riƙo ko a miƙaƙƙen titi,
goro ya jira sai an isa tasha.
Na ɗanɗana ainihin nauyinta sau huɗu,
na san ƙarfin da nake tinƙaho da shi a gaban yara
jan mai ne a cikin roba mai kaurin babban yatsa.

Nomau in ya hango ni sai ya ɗaga sifana:
“Ina ciwo?”
In ce ya warke.
Amma da dare Gwamma na shafa mini man zafi a kafaɗar dama,
tana tambaya wa na yi kokawa da shi a hanyar Yauri,
kuma wa ya ka da wani.