Gwiwa Ba Ta Sa Hannu a Takarda

A Jekadafari, bakin gidan kallon Babayo,
nan nake ɗinke ƙwallon da ƙusa ta huda,
basilla a hannu, zare a baki,
kunnena kuwa yana cikin rumfa.

An tashi wasa, janareta ya yi shiru,
sai gardama ta tayar da nata injin.
Wai yaron nan ɗan Amurka,
mai ƙafar hagu kamar allura,
attajiran ƙetare sun aiko masa:
zo mu auna ka da dala.

Gidado ya ce ya tafi mana.
"Wa aka taɓa kira ga tukunya
ya ce sai ya gama lasar murfi?"
Yila ya daki benci:
"Irin wannan za su ajiye shi a kai,
sai dai nasu mai laushi.
A gida yara na sa lambarsa a baya,
can kuwa kwalla ce a jeren ɗaki,
a goge, a nuna wa baƙi."

Manga, da ba shi da kuɗin shiga,
ta hudar kwano ya kalli wasan,
shi ke ƙirga miliyoyi da yatsu
yana jin haushin haraji zai ci rabi.

Sai suka juyo: "Baba Lamba Takwas, kai fa?"

Na cire zaren daga baki.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan
wani ya zo daga Kudu da farar Fijo,
ya gan ni a fili, a Pantami.
Ya ce albashi, ɗaki da fanka,
takalman wasa ƙafa biyu.
Na ce a bari mu gama kaka,
ba na barin abokai ga kofi a gaba.
Unguwa ta ɗauke ni a kafaɗa.
Mai tsire ya rantse ba zai karɓi sisina ba.

Da damina, a Kumo, fili ya sha ruwa,
wani ɗan baya ya shigo ta gefe.
Na ji ƙas, kamar an karya rake.
Mai Fijo bai dawo ba.
Mai tsire bai daina gaishe ni ba,
amma ya koma ƙirga tsinke.

Gidado ya tafa: "Kun ji ko!"
Na ce tsaya, ban ƙulle ɗinkin ba.

Hammadikko ne ya shiga motar a madadina.
Daga Kudu ya haye ruwa.
Ya gina bene a Tumfure,
jemagu ke kwana a ciki.
'Ya'yansa in sun kira waya
sai an nemo mai fassara.
Ran da innarsa ta cika
ni na kama makara a gurbinsa,
ina ɗingishi har maƙabarta,
shi yana kuka a aljihun rigata.

Yila bai tafa ba.

"To, ya tafi ko ya zauna?"
Na ce a miƙo mini famfo.

Na hura, na kara ƙwallon a kunne
ina sauraren inda iska ke sata.
Can ƙasarsu yanzu rana ce tsaka,
yaron bai san da Jekadafari ba,
bai san Manga na rage masa haraji ba.
Ko ya sa hannu, ko ya mayar da biro,
gwiwarsa ba ta karanta takarda,
tana nan tana ƙirga kwanakinta.

Wani ɗan ƙarami, ba takalmi,
ya fizge ƙwallon ya yi lungu da ita.
Ɗari biyu nake bin sa.
Na lura da hagu yake bugu.