Makullin Ɗakin Kafinta

Takarda ta iso Misau ran Talata
a aljihun direban da ke kawo mana alli.
Shugaban makaranta ya karanta ta a tsaye:
daga bana, in ji Bauchi,
ba yaron da zai karɓi shaidar kammalawa
sai ya nuna abin da hannunsa ya iya
ban da abin da kansa ya haddace.

Malamai suka juyo suna dubana.
Ni ne mai makullin.

Shekara goma sha tara yana kwance a jakata,
tun ranar da aka ce min babu kuɗin katako,
in je in taya aji uku Lissafi kafin a gani.
Har yau ana gani.
Gara ta yi digiri a kan teburana,
jemagu sun gaji rufin,
zarto goma sha biyu na rataye a bango
tsatsa ta cinye musu haƙora kamar tsofaffin unguwarmu.

Ban ce takardar ta yi ƙarya ba.
Na san Gidado.
Kiredit takwas, har aka yanka masa zakara.
Ranar jarrabawar shiga jami'a
ya fara ɗora hannu a kan kwamfuta,
ya riƙe ɓeran kamar zai cije shi,
lokaci ya ƙare yana neman tambaya ta biyar.
Yanzu yana tasha, ƙarƙashin darbejiya,
yana rubuta sunayen masu tafiya Kano
da rubutu mai kyau, wallahi, mai kyau.

Na san Hajjo kuma.
Sau uku Turanci yana kayar da ita,
muka rubuta mata da jan biro: ba ta da ƙoƙari.
Ita ce ta hau rufin asibiti bara
ta haɗa wayoyin sola da ta koya wurin kawunta a Azare.
Jikata a ƙarƙashin wannan hasken aka haife ta.
Har yau in mun haɗu a kasuwa
ita ke durƙusawa, ni ke jin kunya.

To amma ku na ofis,
kun aiko da "dole" ba ku aiko da ƙusa ba.
Shafi huɗu na juya, gaba da baya,
ban ga guduma a ciki ba.
Kun ce a shirya su don jami'a, a shirya su don sana'a,
a cikin wata bakwai,
ku da kuka fi kowa sanin ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da haka da asubar Laraba na je.
Makullin ya shiga, ya ƙi juyawa,
na matsa, ya karye a ciki.
Shekara goma sha tara ina gadin guntun ƙarfe.
Maigadi Barkindo ya miƙo min dutse bai ce komai ba.

'Yan aji shida suka share kashin jemage,
muka jiƙa zarto biyu a baƙin mai,
muka kwaso bencinan da suka karye a bayan aji,
waɗanda suke zama a ƙasa saboda su tun aji ɗaya.
Muka zare tsofaffin ƙusoshi, muka miƙe su a kan dutse
ɗaya bayan ɗaya.

Wajen azahar wata yarinya, Talatuwa,
garin katako har a girarta,
ta buga ƙafa ta huɗu, ta ɗago:
"Malam, wannan zai fito a jarrabawa?"

Na ce ban sani ba, takardar ba ta faɗa ba.
Na ce ta kira mutum uku su zauna a kai.

Suka zauna.
Muka yi shiru muna sauraren bencin.