Kore Ba Shi Ne Lafiya Ba

Ƙarfe biyu da kwata, ruwa na dukan taga.
Sheffield ta yi barci, ta bar ni da allo uku
da shayin da ya huce tun sha ɗaya.
Kwamfuta ɗari tara da sittin nake kiwo,
ban taɓa shafa bayan ko ɗaya ba:
na likitan haƙori a Rotherham,
na wasu lauyoyi biyu da ba sa ga maciji,
na gidan burodin Misis Ollerenshaw
mai kunna tanda ƙarfe huɗu.

Ke manhaja, ke ce idona, ke ce sandata.
An ce ba kya gyangyaɗi, kuma na shaida.
Sai dai bakinki ba shi da linzami:
daga magariba zuwa yanzu kin kira ni sau ɗari uku da bakwai.
Firinta ta yi tari, kin buga ƙararrawa.
Wani ya rufe kwamfutarsa ya tafi gida, kin ce ta rasu.
Mai atishawa da mai gargara,
murya ɗaya kike kawo labarinsu, ja iri ɗaya,
har kunnena ya yi kanta.

Ran Talata kuwa,
da rumbun gidan burodi ya cika ya soma kakari,
kina zaune kore shar kamar alayyafon fadama.
Sai da matar ta kira, muryarta na rawa,
odar kanti arba'in ta ɓace, ƙullu na ta kumburi,
sannan kika yi ja.
Ihu bayan hari.

Kin ce an yi wa kowa faci, ɗari bisa ɗari.
Na leƙa: sha ɗaya na jiran a tashe su tun watan jiya.
Na ce buɗe mini ƙofa in shiga,
kika tsaya juya mini zobe, kina juyawa,
ga injin a gabana, hannuna bai kai ba.
Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Ban ce ki zama boka ba.
In waya ɗaya ta tsinke, ki ce waya ta tsinke,
kada ki ƙirgo mini gawa arba'in.
In ba ki ji daga wata ba, ce mini ba ki sani ba,
ai akwai ruwan toka tsakanin kore da ja.
Ki koyi halin kowane gida:
injin akawu kan yi zufa a ƙarshen wata, ba ciwo ba ne.
In na tura gyara ya ɓata, bar mini hanyar juyowa.
Ga abin da ke hana ni barci ko a ranar hutu:
makullan gida ɗari tara kin zura a zobe ɗaya.
Wanda ya zare shi fa?
Tambaye ni sau biyu kafin ki buɗe wa mai kama da ni.

Gethin, abokin aikina, ya rubuta wa masu ke.
Suka ce ana dubawa.
Damina biyu ke nan, ko da yake nan kullum damina ce.
Abin da ya iso: sabon launin maɓalli
da ƙarin fam biyu a kan kowane kai.

Huɗu ta buga. Gidan burodi kore ne.
Na dube ki, na ɗauki waya.
“Lafiya lau, Sallau,” in ji ta,
ina jin injin kwaɓi na gurnani a bayanta.
Wannan ƙarar na yarda da ita.

Na ajiye. Kin sake kira.
Firintar lauyoyi ce, takarda ta ƙare.