Baƙon da Ya Shigo ta Rufi

Ni ne mai kwalekwalen da ke kawo su,
su goma sha ɗaya kowace safiya,
daga tsallaken ruwan Kainakary
zuwa makarantar da ke gindin kwakwa.
Yau ruwan sama ya hana ni juyawa,
na jingine gorar tuƙi a baranda,
na raɓe, na leƙa ta taga.

Rufin ajin na yoyo wuri uku.
Da ni ne, tsaki zan ja, in tura benci gefe.
Malama Sreelatha ta ɗaga kai, ta yi murmushi,
ta ce, "Yara, mun yi baƙo,
ya zo koya mana lissafi, ku ba shi wuri."

Ta raba su gida uku,
kowane gida da ɓawon kwakwa guda
da tsibin 'ya'yan tsamiya a ganyen ayaba.
Ɗigo ya ce ɗis, a ajiye ƙwaya,
ƙwaya ta kai goma, a tattare ta gefe.
Jibin ya kafa ido a rufi, baki buɗe,
har ɗigon ya same shi a hanci,
aji ya kwashe da dariya, lissafi ya watse,
aka sake daga fari.

"Ɓawon wa zai riga cika?"
Shibili ya bugi ƙirji: "Namu, ai ya fi girma!"
Nasu ne ya zo ƙarshe.
Ya turo baki, hawaye na shirin zuba,
Malama ta durƙusa har kansu ya zo ɗaya,
ta ce, "Kuskure ba ya cizo.
Zuba na ƙarami cikin naka, mu ga abin da ya rage."
Ya zuba. Ya duba. Ya sake zubawa.
Sai ya ce, "Au!"
Wannan au ɗin ta fi min kuɗin fiton mako.

Akwai Thasni, 'yar mai ɗinkin taru.
Wata uku ina fito da ita,
ban taɓa jin muryarta ba,
ko sannu, ko sai gobe.
Ba ta taɓa tsamiya ko ɗaya ba,
ta zauna da hannu a cinya, leɓe na motsi.
Da Anagha ta ce nasu ɗari da arba'in ne,
sai wata siririyar murya ta ce,
"Da bakwai. Kun tsallake lokacin dariya."
Shiru.
Har ruwan ma kamar ya saurara.
Malama ba ta yi tafi ba, ba ta kira sunanta da ƙarfi ba,
alli kawai ta miƙa mata.

Daga nan aka fito da faifan rairayi,
kowa ya ja harafi da ɗan yatsa.
Haruffanmu na Malayalam gwanayen lanƙwasa ne,
wani katantanwa, wani ƙugiya.
Jibin ya zana ɗaya mai baka a sama, ya yi ihu,
"Ga kwalekwalen Kunjappan ya kife!"
Duk suka juyo taga.
Na sunkuya, ni da furfurata, kamar an kama ni da satar mangwaro.

A aji biyu na tsaya, shekarar da baba ya kwanta,
na karɓi gora, ban sake riƙe alli ba.
Abin da na tuna da makaranta
tsumagiya ce da ciwon gwiwa.

Da yamma ruwa ya ɗauke.
A hanya suka dinga ƙirga tuƙina da ƙarfi,
in na yi jinkiri da gangan su ce na yi wayo.
Thasni ta tsoma yatsa a ruwa,
ta zana kifaffen kwalekwalen nan a katako kusa da ƙafata,
ta dube ni, tana jira.
Na ce, "Ra."
Ta gyaɗa kai kamar Malama.

Kafin mu kai gaɓa iska ta busar da shi.
Da dare, a kan shinkafar da ke gabana,
matata ta tarar ina ja da yatsa,
ta ce, "Ci za ka yi ko wasa?"