Buhu Goma Sha Bakwai

Da kuɗin ɗinkin Sallah biyu na saye shi
a hannun tsoho Hamani na Gamkalle,
wanda idonsa ya daina raba ruwa da gaɓa.
Kwalekwale ne da ya sha rana ya ƙoshi,
hancinsa a tsage kamar diddigen manomi.
Bibata ta dube shi sau ɗaya, da goyo a baya,
ta ce, "To, shi wannan me yake ci?"
Na yi dariya.
Ashe tambayar ta gaske ce.

Yana cin ƙusa, yana cin igiya,
yana shan kwalta gwangwani bayan gwangwani,
yana cinye Lahadi tun daga asuba
har jemagu su fara ƙetare kogi.

Zanen da ke kama masa iska ni na ɗinka,
buhun shinkafa goma sha bakwai,
a keken da nake ɗinka rigunan lekol.
Allura huɗu na karya.
Ranar da iska ta fara cika shi, gaban tsohuwar gada,
rubutun buhunan ya kumbura kamar zai yi magana.
Babu mai jiran wando,
babu mai rantsuwa an rage masa yadi,
sai ruwa yana lasar katako,
sai dorina can nesa tana huci
kamar wadda na ci wa bashi.

In na dawo, laka har gwiwa,
Sumana ya yi barci da takalmi a ƙafa,
wai kada in sake tafiya ban da shi.
Haƙorin Ladidi na fari, labarinsa aka ba ni.
Bibata ba ta faɗa.
Kwanon tuwo take turowa da yatsa ɗaya,
ya taho bisa tabarma a hankali
ya tsaya inda hannuna ba ya kai.

Watan da zazzaɓi ya kama yarinyar
jika uku ke aljihuna, na kwalta ne.
Ga mai kwalta, ga mai magani, hanya ɗaya.
Ba zan yi ƙarya ba: na tsaya.
Numfashi uku, ko huɗu.
Har yau ina jin kunyar tsayuwar nan.
Na sayi magani.
Jirgi ya sha ruwa har wuya,
kwaɗi suka tare a ciki, ba haya.

Da damina ta zauna, rufi ya ɓule
daidai kan gadon yara.
Bibata da kanta ta sauka bakin kogi,
ta kwance zanen, ta ɗauro shi a ka
tun daga gaɓa har ƙofar gida.
"Aro na yi," in ji ta.
Muka shimfiɗa, muka danne da duwatsu
da wata tsohuwar taya.

Cikin dare iska ta taso daga Harobanda.
Zanen ya kumbura, ya kwanta, ya kumbura,
duwatsu suna gurnani bisa kwanon rufi.
Sumana ya taɓa kafaɗata.
"Baba, gidanmu tafiya yake yi?"
Na ce e.
"Ina za mu?"
Daga cikin duhu uwarsa ta ce,
"Tambayi matuƙi, mu fasinja ne."
Sai ta yi dariya, ƙasa-ƙasa,
don kada Ladidi ta farka.

Yanzu jirgin na kife a gaɓa,
awaki na hawa bayansa suna hangen ƙetare.
Ban karɓi aron ba. Ina tara wasu buhunan.
Duk shinkafar da ta ƙare,
sai in tarar an wanke buhun, an ninke,
an ajiye bisa keke, ba a ce komai ba.
Shida ke nan.
Sumana ya samo jarka, ya ce in ɗaure masa a ƙugu
ranar da za mu.
Shinkafar gidan mutum huɗu ba ta saurin ƙarewa,
ni kuma na daina ƙirga Lahadi,
sai buhu.